Furen Bakin Shinge

"Yaya, ajiye fartanyar nan!"

Da gudu na shiga tsakaninsa da furannina, ɗankwalina a hannu. Ya riga ya tuge uku.

"Kauce, Auta! Mai Feshi ya ce ciyawar nan ce ke hana kabewar Baba 'ya'ya."

Mai Feshi abokin Yaya ne, mai sayar da maganin ƙwari. Ya daɗe yana min naci ina share shi, kuma ya san sarai wanda ya ba ni irin.

Mai Zuma ne, abin ƙaunata. Shi ya nuna min ciyawar a bakin hanya: fure rawaya, tsakiyarsa ruwan ƙasa, ganye mai kaushi kamar harshen mage. Ba a binne irinta, dannawa ake yi a kan ƙasa da tafin hannu, a bar wa rana sauran aikin.

Hayaniyarmu ta fito da Baba.

"Na gaya miki, mai bin ƙwari daji-daji ba zai riƙe min 'ya ba!"

Ban sunkuyar da kai ba.

"Baba, shekara biyu kabewarka tana fure tana zubarwa. Tun da aka fara feshin nan, ka ga ƙudan zuma ko ɗaya a lambunka? Ka ba ni sati uku, ba feshi, ba fartanya. In ba ta kama ba, da bakina zan ce ya haƙura."

"Na ji. Sati uku."

Da yamma na gaya wa Mai Zuma, ya dafe kai.

"Zumata... aurenmu kika jingina da fure? Bari in kawo amya ɗaya in ajiye bayan shinge."

"Ko kusa! Da kansu za su zo, masoyi. Ko ba ka yarda da karatun da ka ba ni ba?"

Mai Feshi ya zo da tankinsa wai feshin kyauta zai yi. Mama ta ce ya kai kyautarsa gaba.

Kwana shida furannin suka buɗe, shingen ya yi rawaya shar. Ƙudan zuma ɗaya ya zo. Washegari sai ga su kamar an aika musu goron gayyata, daga furena su faɗa na kabewa.

Ran kwana goma sha takwas da safe na tarar da Baba a tsugune yana ɗaga ganye. Ƙananan kabewa ne kwance, kowace kamar dunƙulen hannu. Kunnensa ya kumbura suntum, wani ƙudan zuma ya gaisa da shi.

"Auta..."

"Na'am, Baba."

"Ki ce wa yaron nan ya zo ya same ni."

Daɗi ya kusa kayar da ni. Na juya zan ruga.

"Tsaya mana, sarkin gaggawa! Ya taho da irin nan da yawa. Ga yayanki can, shi zai danna su da hannunsa."