Wanda Ya Canza wa Ɓeraye Lokacin Abinci

Ranar da ta fara zuwa ɗakin ɓeraye faɗa suka yi. Ta zo babu safar hannu, mai kula da ɗakin ya tare ƙofa ya ce ko Farfesa ne sai ya koma ya sako. Ta juya tana tsaki, tana cewa a ranta wannan dogon ya cika iyayi. Shi kuwa Dogo tun daga ranar ya rasa sukuni.

Digirinta na uku a kan ƙwayar maleriyar da ke kama ɓeraye take yi. Takan ɗebi jininsu, ta duba waɗanne ƙwayoyin gadon cutar ne suka farka a kowace sa'a, waɗanne suka yi barci. Tallafin karatunta duk a kan wannan aikin ya rataya.

Kullum da safe sai ta tarar da Dogo yana zuba wa ɓeraye abinci a hankali, kamar ba ya son ya gama. Wasa-wasa hira ta shiga, saƙo ya biyo baya.

"Likitar ɓerayena, na keji na bakwai yana gaishe ki. Ni ma haka."

"Dogo, ka yi aikinka," ta mayar masa, bayan ta karanta sau uku.

Babanta ɗan kasuwar hatsi ne, da ya ji zancen sai da ya ajiye carbinsa.

"Shekara talatin ina yaƙi da ɓera a sito, ki kawo mini mai kiwonsa?"

Shi ya fi son Dakta mai kwamfuta, abokin aikinta, wanda yake da mota da iya gaisuwa.

Ana cikin haka sakamako ya fito a birkice. Ƙwayoyin gadon da ya kamata su farka da dare sun koma farkawa da rana. Dakta ya ce ita ta rikita lambobin kwalaben jini, ya ƙara da cewa idan ta amince masa zai san yadda zai gyara. Farfesan da ke duba aikinta ya ba ta mako guda ta kawo bayani, ko a yanke tallafin. Ta bi kwalaben ɗaya bayan ɗaya har ta yi kuka, ba ta ga kuskure ba. Abin haushi, a makon ne Dogo ya ɗauke wuta, ko saƙo babu. Ta ce ai dama, maza kenan.

Ranar taron jin bayaninta, Farfesa bai gama buɗe baki ba Dogo ya miƙe. Ya ce ƙa'ida da yamma ake zuba abinci, don ɓera a duhu yake ci. Shi kuma wata huɗu ke nan da safe yake zubawa, ya kwashe saura da yamma.

"Saboda me?" in ji Farfesa.

Dogo ya sunkuyar da kai. "Da safe take zuwa."

Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Farfesa ya dakatar da shi nan take, sannan ya sake duba sakamakon. Ya ce da alama cutar lokacin cin abincin ɓera take bi, a sake gwajin da rukuni biyu, masu ci da safe da masu ci da yamma.

A waje ta tare shi, ranta a ɓace.

"Wata huɗu kana yunwatar da bayin Allah don ka gan ni. Ba ka da baki ne?"

"Ina da shi. In na gan ki ne yake ƙin aiki."

Kwana tara ba ta kula shi ba. Gwajin ya tabbata, tallafinta ya tsira, shi kuwa yana gida babu aiki. A rana ta goma ta rubuta masa: "Sakaraina, ka zo Baba yana nemanka." Don ta riga ta kwashe komai ta faɗa a gida.

Da ya zo, tana laɓe bayan labule Baba ya ƙare masa kallo.

"Da ka yi shiru, wa zai sani?"

"Babu kowa, Baba."

"Ka san aikinka zai tafi?"

"Na sani. Nata ne ba na so ya tafi."

Baba ya daɗe yana jinjina kai, sannan ya ce ya je ya turo manyansa.

Bayan wata uku Farfesa ya mayar da shi bakin aiki, aka ɗaura aure a makon. Har yau in ta tuna takan harare shi, shi kuma ya yi dariya. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.