Randar da Inuwa Ya Huda

Wata Laraba ce cikin damina, a shekarar alif ɗari tara da casa'in da biyu. An idar da sallar magariba a Limancin Kona, duhu yana sauka a hankali kan katangun ƙasa. A gidan Malam Inuwa akawu, matarsa Talatu tana kwashe tuwo, 'yarsu Sailuba, mai shekara goma sha huɗu, tana jera mata kwanuka. Mahaifiyarsa, Inna Hajo, tana zaune kan buzu a ƙofar ɗakinta tana jan carbi.

Sai dutse ya faɗo kan rufin kwanon madafa. Talatu ta ɗaga kai, ta ce ɓarnar maƙwabta ce. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo shi, ya gangaro har gaban murhu. Da Sailuba ta ɗauka sai ta ji shi jiƙe sharkaf, da sanyi kamar an tsamo shi daga ƙasan rijiya, alhali ranar ko yayyafi ba a yi ba. Inna Hajo ta tsayar da carbinta. Ba ta dubi rufin ba. Kusurwar bayan rumbu ta duba, inda wani zagayen danshi ya rage a ƙasa, sannan ta dubi Talatu, Talatu ta sunkuyar da kai.

Don a gane wannan kallo, sai mun koma baya da mako uku.

Malam Inuwa mutum ne mai son sauti. Tun da ya sayi talabijin da bidiyo, abin da ke damunsa shi ne muryar da ke fita daga cikinsu siririya ce, kamar ana magana ta hanci. Wata Asabar ya hau kekensa ya tafi Sabon Gari, shagon wani Audu mai sayar da kayan sauti, neman amfilifaya, wato akwatin nan mai haɗe da rediyo da ake jona wa bidiyo da kaset ya ƙara musu murya. Audu ya jera masa guda uku. Babbar tana da maɓallai fiye da talatin da fitilu masu ƙyalli, sai mutum ya riƙe takardar bayaninta kafin ya iya kunna ta. Ƙaramar ba ta da tsada, amma da aka ƙara mata murya sai ta fara kwaramniya kamar tsakuwa a gwangwani. Ta tsakiyar baƙa ce, ba ado, maɓallanta biyar, farashinta tsaka-tsaki.

Inuwa ya zo da kaset biyu a aljihu, ɗaya na karatu, ɗaya na kiɗan kalangu. Ya sa aka saka kowanne a kowace na'ura, ya rufe ido yana saurare. A ta tsakiyar ne ya ji numfashin mai karatu tsakanin aya da aya, ya kuma ji kalangu yana magana ba tare da ya danne muryar mawaƙi ba. Ya ce ita yake so, don ko Talatu za ta iya kunna ta ba sai ta jira shi ba. Audu ya yaba masa, ya ce kunne ke sayen irin wannan kaya, ba ido ba.

Sai dai babbar sifikar da ta zo da ita ba ta da akwati. Audu ya ce kada ya wahalar da kansa wajen kafinta. Masu kiɗan biki kifa ta suke yi a bakin randa, su huda gindin su zura waya, amon da ke fita ya fi na kowane katako zurfi. Amma fa sai tsohuwar randa wadda ta sha ruwa ta ƙeƙashe, sabuwa ba ta da murya.

Akwai irin wannan randa a gidansu, a bayan rumbu. Tun Inuwa yana ƙarami ya san ba a shan ruwanta, ba a kuma gusar da ita. Duk Juma'a Inna Hajo takan wanke murfinta ta mayar, kamar yadda ta ga uwar mijinta tana yi. Abin da aka gada shi ne akwai mai zama a ciki, ba ta taɓa cutar kowa ba, kada kuma a cuce ta. Inuwa ya yi boko, yana ganin wannan zancen tsofaffi ne. Ranar da matan gidan suka tafi suna a Ƙofar Kibo, ya zubar da ruwan, ya kinkime ta zuwa turakarsa, ya sa ƙusa da guduma ya huda gindinta. Ya kifa sifikar, ya lulluɓe randar da tsohon zane a bayan kujera. Da ya kunna, amon ya ratsa shi tun daga tafin ƙafa har ƙirji. Audu bai yi ƙarya ba.

Da Inna Hajo ta ga babu randa, sai ta ce Talatu ce ta fasa ta wajen shara ta ɓoye ɓarɓashin. Ta yi mata faɗa mai zafi a gaban 'yarta, har ta ambaci tarbiyyar gidan da ta fito. Inuwa yana tsaye. Da tsohuwar ta juyo gare shi, abin da ya ce kawai shi ne a yi haƙuri, abin da ya fashe ya riga ya fashe. Talatu kuwa ita ke share turakarsa kullum, ta san abin da ke ƙarƙashin zanen. Ta rufa masa asiri.

To, jifan da ya fara ranar Laraba bai tsaya ba. Kullum da an kira magariba sai duwatsu masu sanyi su yi ta sauka, har a kira isha'i su ɗauke. Ranar Asabar aka ɗauke wuta tun la'asar, amma da rana ta faɗi Talatu ta ji wani amo yana tashi daga turaka, mai nauyi, kamar tsohuwa tana nishi a cikin rami. Inuwa ya shiga da fitilar ƙwai, ya tarar da na'urar a kashe, zanen da ke kan randar yana motsi a hankali. Ya fito ya ce ɓera ne.

Ranar Litinin Sailuba ta faɗi. Tana ɗauke da buta, sai ta sake ta, ta toshe kunnuwanta da hannu biyu, ta je kusurwar bayan rumbu ta naɗe jikinta a kan zagayen danshin nan. Ba ta ci, ba ta magana, in aka taɓa ta jikinta sanyi ƙalau. Kwana biyu tana haka. Inuwa yana ganin 'yarsa tana ramewa, in ya so ya faɗi gaskiya, sai ya dubi mahaifiyarsa ya fasa. Inna Hajo ce ta aika a kira Malam Zailani, wani dattijon malami na unguwar da aka sani da karatu ga masu lalurar iska.

Malam ya iso bayan la'asar. Ya sa aka shimfiɗa tabarma kusa da yarinyar, ya zauna ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Ya daɗe yana yi, inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Sai Sailuba ta miƙe zaune, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman tsofaffi, ta yi sallama da wata murya mai kauri wadda ba tata ba.

Malam ya amsa, ya tambaye ta ko wace ce. Muryar ta ce ita aljana ce Musulma, ta zauna a gidan nan tun kafin a haifi mijin Hajo, tana sauraren karatun asuba daga cikin sanyin randarta. Ta ce an zubar mata da ruwa, an huda mata ɗaki, an ɗora mata tsawa a ka. Tun da an raba ta da mazauni, ta sami wani.

"Jikin 'yar mutane ba ɗaki ba ne," in ji Malam. "Kin san zalunci ne, in dai da gaske Musulma ce ke."

Ta nemi a yanka mata baƙin bunsuru. Malam ya ce ba a yanka don kowa sai Allah, ya ci gaba da karatu, ya ɗaga murya kaɗan. Yarinyar ta yi ta murƙususu, muryar ta ce ya dakata, ta janye maganar bunsurun. Sannan ta ce abu guda ya rage, in ba a yi shi ba, ko zai ƙona ta ba za ta fita ba.

"Mako uku ina jin ana zagin baiwar Allah a kaina, ita da ko yatsa ba ta ɗora mini ba. Wanda ya riƙe gudumar yana nan. Ya faɗa da bakinsa, uwarsa ta ji."

Ba ta dubi kowa ba. Malam ma bai waiwaya ba, ya zuba ido kan tabarma yana jira. Talatu ta buɗe baki za ta ce ita ce, don ta rufa masa asiri karo na biyu, kuma wannan ne Inuwa ya kasa ɗauka. Ya durƙusa a ƙasa, mutum mai shekara arba'in da biyar, a gaban malamin da ya koya masa alif da ba.

"Ni ne, Inna. Tana ɗakina, na huda ta na sa sifika. Talatu ta sani, ta yi shiru don ni."

Malam ya ce ya ɗauko ta. Ya shiga ya cire sifikar, ya fito rungume da randar, guntuwar waya tana reto daga hudar gindinta. Ya ajiye ta gaban kowa. Sailuba ta shafa bakin randar a hankali, muryar ta ce wannan ba ta zaunuwa kuma. Za ta koma wani kufai a bayan ganuwa, ba za ta dawo ba. Malam ya sa ta yi rantsuwa, ta yi. Ta ce a gaishe da Hajo, ta gode da wankin murfi. Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta kwanta. Da ta farka sai ta kira uwarta da muryarta ta kullum, ta ce yunwa take ji.

Inuwa ya raka Malam har zaure, yana jiran faɗa. Malam bai yi masa ba. Ya ce kawai ya kai na'urarsa wajen kafinta a yi mata akwati, sauraren sauti mai kyau ba laifi ba ne, ya sa takalmansa ya tafi.

Da ya dawo ciki, ya tarar Inna Hajo ta tashi daga buzunta. Tsohuwar da sai an kama ta take miƙewa ta dafa bango ta taka har ƙofar madafa, inda Talatu ke dama wa Sailuba kunu. A gidan nan ba a taɓa ganin uwar miji ta rusuna wa matar ɗanta ba. Ta dafa ƙofar, ta fara sauka kan gwiwoyinta. Talatu ta saki ludayi ta riƙe ta, tana cewa don Allah Inna ta tashi.

"Bar ni," in ji tsohuwar. "Na zagi iyayenki a kan ƙaryar ɗan da na haifa. Ki yafe mini."

Inuwa yana tsaye a bakin zaure, ba wanda ya kore shi, ba wanda ya kira shi. Ya so ya juya ya fita, sai ya ga bai cancanci ko wannan sauƙin ba. Ya tsaya ya kalla har mahaifiyarsa ta kai ƙasa.