Murtalar Inna

"Na ce a'a, Rukayyat! Mutumin da ya ji harbi ya bar takardun makarantarsa ya rungumi matattun kuɗi, shi zan ba 'yata?"

"Baba, don Allah ka tsaya ka ji..."

"Me zan ji? Duk unguwar Lamorde dariya ake masa!"

Na sunkuyar da kai. Watanmu biyu da dawowa Mubi daga gudun hijira a Yola, muna zaune a ɗaki ɗaya da muka yi wa rufi, sauran gidan duk toka. Ni kuwa akwai abin da na ƙunshe a ciki, ya hana ni ci, ya hana ni sukuni.

Zainulabideen malamin firamare ne, kuma gaskiya yana da wata irin tasa. Wasu samarin turare suke kai wa budurwa, shi kundin tsofaffin kuɗi yake zuwa da shi. Ya buɗe a hankali ya ce, "Hasken idona, dubi wannan sule goman. Ta girmi Naira. Ga wannan kuma, kin ga mutane na jera buhunan gyaɗa? Dubi ajamin, kamar da alƙalami aka zana."

"To za ta saya mini ƙosai?" in ce da shi.

"Ba ta sayen komai, sai dai ta ba ki labari."

Tun ina yi masa tsiya har na fara sonsu. Shi kam tuni na riga na faɗa tarkon sonsa.

Mu ma muna da tamu a gida: Murtala guda, Naira ashirin, daga cikin sadakin Inna. Da aka yi canjin kuɗi a tamanin da huɗu kowa ya ruga banki, Inna ta ce ita ba ta canja sadakinta. A gefenta Baba ya rubuta *Safiyatu* da ajami. Tun da Inna ta rasu take cikin gwangwani a ƙasan akwati, ranar Sallah kawai Baba ke fito da ita.

A daminar nan na buɗe na ga danshi ya fara cin kusurwarta. Na san Baba ba zai yarda hannun bare ya taɓa ta ba, sai na ɗauke a ɓoye na kai wa Zainu ya busar ya sa mata leda. Kwana shida tsakani 'yan bindiga suka shigo gari.

A ranar, takardunsa suna makaranta ana tantancewa, kundin yana ɗakinsa. Hanya biyu, ƙafa ɗaya. Ya zaɓi ɗakin, ya bi duwatsu da ƙafa kwana uku, kundin ɗaure a ƙirjinsa. Makarantar ta ƙone.

Baba kuwa da muka dawo bai yi kukan kekunan ɗinkinsa ba. Toka ya dinga tonawa da hannu yana cewa, "Safiyatu ta sake mutuwa." Ina tsaye ina kallo, tsoro ya ɗaure mini baki. Wayyo ni!

Ranar da Baba ya ce a'a, da la'asar na samu Zainu a ƙofar gidan yayarsa.

"Ka kai masa mana! Yana gani zai yarda da kai."

"A'a, Rukayyata. Ba zan sayi aure da hawayen tsoho ba. In na kai, ke na tona. Maganar nan daga bakinki za ta fito."

"In ya tsine mini fa?"

"In kika yi shiru kullum yana makoki. Wanne ya fi?"

Na ji haushinsa, wallahi, don na san gaskiya ya faɗa.

Washegari da hantsi na sa ya biyo ni da kundin. Baba na kan tabarma yana gyaran wani keken ɗinki na aro. Yana ganinsa ya haɗe rai.

"Bankin matattu ya iso?"

Na durƙusa.

"Baba, ni ce mai laifi. Murtalar Inna ba ta ƙone ba... Ni na ɗauke ta ban gaya maka ba. Saboda ita Zainu ya koma ɗaki, saboda ita ya rasa takardunsa."

Baba ya ture keken gefe.

Zainu ya buɗe shafin ƙarshe, ya zaro Murtalar ya miƙa da hannu biyu. Baba ya goge tafinsa a riga har sau biyu kafin ya karɓa. Ya kai ta kusa da ido, yatsansa na bin rubutun ta saman ledar.

"Safiyatu..." Muryarsa ta karye. "Allahu Akbar! Rubutuna ne, ga inda biro ya tsaya mini."

Ya juyo kaina, idanunsa jajur.

"Kina kallona ina tonon toka, kika yi shiru?"

"Ka yafe mini, Baba..."

"Taurin kan uwarki kika ɗauko, amma ita ba ta da tsoro!" Ya ja numfashi. "Tashi. Da ba ki ɗauke ba, da yanzu toka ce."

Na fashe da kuka. Baba ya juya ga Zainu.

"Malam, na zage ka a gaban mutane, kana da amsa ka haɗiye. Me ya sa?"

"Amana ce, Baba."

Baba ya jawo kundin, ya fara buɗawa. Ya tsaya kan mai buhunan gyaɗa ya yi dariya, dariyar da rabona da ita tun kafin gudu.

"Kai! Da irin wannan na sayi almakashina na farko a kasuwar Mubi!"

Suka shiga hira kamar ba ni a wurin. Sai da aka kira azahar ya mayar da Murtalar da kansa, a shafin farko, ya rufe.

"Inda ta tsira nan za ta zauna."

"Baba, ai taka ce..." in ji Zainu.

"Na sani. Amma sadakin matata ba zai kwana gidan bare ba." Ya tura masa kundin. "Ka turo manyanka ranar Juma'a."

Ban san lokacin da guɗa ta kuɓuce mini ba.

"Ke, marar kunya!" in ji Baba, yana share ido da bakin riga.