Abin da Mubarika Ta Gani a Ƙarƙashin Harshe

Ranar kasuwar Dogon Dutsi Is'haƙa ya shigo ofishin kiwo da ragon mahaifinsa a amalanke, jikin ragon zafi rau. Wadda ta tarbe shi Mubarika ce, ɗalibar likitancin dabbobi daga Yamai, mai bincike a kan ciwon da ke shiga jini.

"Riƙe mini bakinshi," ta ce.

Ta sa 'yar kyamara ƙarƙashin harshen ragon, sai ga jijiyoyi sirara kamar gashi a fuskar na'ura. A wasu jini na gudu, a wasu ya tsaya cik.

"Ka gani? Zuciya na bugawa, amma nan ƙasa hanya ta toshe."

Da ta ɗago, ita yake kallo. Ta sunkuyar da kai.

Rago ya warke, Is'haƙa bai daina zuwa ba. Yana kiranta Likitata, ita kuma tana ce masa Sanyina. Ƙanwarsa Lubabatu, da ƙaramin cikinta, ita ke aiko mata fura daga garinsu Gecheme.

Sai Zalika, 'yar baffansa da ta daɗe tana sonsa, ta kai wa mahaifinsa Malam Halilu labarin cewa a labo, ɗakin bincikensu na Yamai, da gangan suke sa wa tumaki ciwo. Tsohon, wanda duk rayuwarsa kiwo ce, ya ce mai wannan hannu ba za ta shiga gidansa ba.

Saƙo ya shigo wayarta: "Likitata, gaskiya ne?"

Ta rubuta: "Gaskiya ne, Sanyina. Muna sa musu barci tukuna. Kowace tunkiya sai na yi mata kuka. Amma ba wata hanyar ganin yadda ciwon ke kashe mutane."

Bai amsa ba. Damina ta wuce, Mubarika ta rame, ta daina duba waya.

Bayan girbi ta ji Lubabatu ta haihu, zazzaɓi ya biyo baya, ta rasu. Ta so zuwa gaisuwa, ta rasa da wace fuska za ta shiga gidan.

Wata safiya sai ga Malam Halilu a ƙofar ofis, Is'haƙa na bayansa, idanunsa jajur.

"Yarinya, mi ya kashe mini ɗiya? Da hantsi tana magana da ni, ƙafafunta kawai ne da sanyi."

Mubarika ta shimfiɗa masa tabarma, ta kunna hoton wata tunkiya daga cikin na binciken. Ya ga jinin yana rarrafe, yana tsayawa jijiya bayan jijiya.

"Haka nata ya yi?"

"Ina jin haka ne, Baba. Abin da muke nema ke nan, a gane shi tun da wuri."

Tsohon ya rufe fuska da gefen rawani. Is'haƙa ya ce a hankali, "Ki yafe mini shirun da na yi."

Ta gyaɗa kai.

An ɗaura auren Is'haƙa da Mubarika ba kiɗa ba guɗa. Da aka kai amarya, Malam Halilu da kansa ya shigo da jaririyar Lubabatu, ya ɗora mata a cinya.

"Ga ɗiyarki ta fari. Allah ya yi muku albarka, ya sa hannunki ya zama sanadin tsirar wasu."

Mubarika ta rungume jaririyar, tana kuka tana cewa amin.