Kaskon Shayi Mai Lotsawa

Can da daɗewa, a wani gari, an yi wata tsohuwa mai ginin tukwane. Wata rana mai gari ya aiko ta gina masa kaskon shan shayi. Kowa tsoronsa yake ji, don duk wanda ya ɓata masa rai korarsa yake daga garin.

Tsohuwa ta gina kasko, ta jera itace, ta gasa. Da wuta ta mutu, sai ta ga gefensa ya lotsa, ga baƙin tabon toka.

Maƙwabciyarta ta ce, "Iya, sayi wani a kasuwa ki ce naki ne."

Tsohuwa ta ce, "Aikin hannuna ya nema."

Ta kai kaskon fada, ta durƙusa gaban mai gari. Ta ce, "Ranka ya daɗe, haka wuta ta ba ni shi."

Mai gari ya jujjuya kaskon. Ashe ya daɗe hannunsa na karkarwa, kowane kofi suɓuce masa yake yi. Yanzu babban yatsansa ya zauna daram cikin lotsawar. Aka zuba shayi, ya shanye, ko ɗigo bai zube ba.

Ya ce, "Iya, tashi. Kada ki gyara masa komai."