Gashin da Ya Ƙi Askuwa

Wai a wata ƙasa ta mabiya Buddha, ba a aske wa mutum kai ya shiga cikin masu gudun duniya sai uwarsa ta yarda. Wani masunci ya sulale daga gida, ya durƙusa gaban babban malaminsu.

"Ɗana, uwarka ta yarda?"

"Ta yarda, Malam."

Aka aske shi tas. Kafin a wanke aska, gashi ya dawo.

"Uwarka ta yarda?"

"Ta yarda."

Aka sake askewa. Sai ga furfura ta tsiro, doguwa, a kitse, tana ƙanshin man da tsohuwarsa ke shafawa. Ya shafa kai, ya gane gashin uwarsa ne.

"Malam, ko sallama ban yi mata ba."

"To tashi maza. Mu muna nan. Ita ce ban san ko za ta jira ba."