Audugar Tsohuwar Katifa

Rana ta yi ja, gari ya fara shiru, mai ɗinki tana ɗakin aikinta na bayan gida tana haɗa ƙyallayen bargo. Ɗan ƙaramin ɗaki ne: keken ɗinki a bakin taga, kwandon ƙyalle, gwangwanin maɓallai, sai 'yan tsana a jere kan kanta, wasu ko ido ba a sa musu ba tukuna. Da wannan sana'a take riƙe kanta da 'yarta tilo tun rasuwar mijinta. Auta ake kiran yarinyar, ko da yake ba ta da ya ba ta da wa, balle a ce ita ce ƙarshen wasu.

Wani abu ya faɗo kan kwanon rufi. Ta ɗauka 'ya'yan maƙwabta ne, har ta shirya musu faɗa. Sai na biyu ya faɗo, a cikin ɗakin, kan cinyarta. Tsakuwa ce, da ɗuminta kamar yanzu aka ciro ta daga murhu. Ta ɗaga kai, ta ga keken yana juyawa a hankali, ba ƙafar kowa a kansa.

“Auta?” ta kira da ƙaramar murya.

Auta na tsaye a bakin ƙofa da almakashi a hannu. Ta nufi kantar ɗakin, ta ɗauko 'yar tsana, ta farke cikinta, ta kara a kunne, ta yar. Ta ɗauko wata.

Haka aka yi ta yi kullum da faɗuwar rana. Jifa, kukan jariri daga cikin kwandon ƙyalle, da yarinya mai farke aikin uwarta ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabta, masu zuwa aron zare kullum kamar su suka saya, duk suka ɗauke ƙafa. Mai ɗinki ta rame, tsoro da tausayin 'yarta suka hana ta ko kurɓar ruwa.

Ƙanenta ne ya kawo wani malami, dattijo marar yawan magana. Ya zauna a tabarma cikin tarkacen auduga, ya daɗe yana karatu. Can Auta ta sandare, ta buɗe baki, muryar wata babbar mace ta fito.

“Daina ƙona ni, Malam. Ni aka zalunta.”

“Me kike nema a jikin marainiya?”

“Ɗana. Tambayi uwarta inda ta samo audugar cusa 'yan tsananta.”

Mai ɗinki ta ce tsohuwar katifa ce ta samu a wani kangon gida. Ta farke ta, ta shanya audugar, ta yi aiki da ita.

“Jaririna na barci a ciki,” in ji muryar. “Kin cusa shi a cikin 'yar tsana. Da haka kawai ne, da ya fito. Amma ke ba kya rufe ɗinkin ƙarshe sai da bismillah. Kin rufe shi da sunan da ba ma iya ƙetarewa.”

Mai ɗinki ta fashe da kuka. Ɗabi'ar da ta koya a wurin mahaifiyarta ke nan, wadda take jin ita ce albarkar aikinta.

“Ina 'yar tsanar?” Malam ya tambaye ta.

“Na sayar, Malam. Da yawa na cusa da audugar nan. Wasu 'yan kasuwa suka sara, wasu matafiya suka saya wa 'ya'yansu. Wallahi ban san inda suke ba.”

Malam ya koma karatu, muryar ta yi ta ihu har ta dushe, amma ta ƙi sakin yarinyar. Daga ƙarshe ta ce, “Zan fita, ba zan ƙara jifa ba. Amma zan tafi da sanin da take yi wa uwarta. Ranar da aka farke wa ɗana ɗinkin, sanin ya dawo mata.”

“Ban yarda ba,” in ji Malam.

“Ban tambaye ka ba.”

Auta ta yi atishawa, ta zube. Da ta farfaɗo ta gane kawunta, ta gaida Malam, ta nemi ruwa. Ta dubi matar da ke rungume da ita, ta janye jikinta cikin ladabi.

Jifa ya tsaya. Mai ɗinki ba ta ƙara ɗinka komai ba. Kullum tana bin kasuwanni da gidajen mutane, tana roƙon a sayar mata da tsofaffin 'yan tsana, ta dawo da yamma ta zauna tana farke su ɗaya bayan ɗaya. Auta takan kawo mata ruwa, don yarinya ce mai tarbiyya, ta durƙusa ta ajiye.

“Sannu da aiki, baiwar Allah,” takan ce. “Don Allah, a yawon nan naki, ba ki ga Ummata ba?”